Shekarar Da Citta Ta Ruɓe

Shekarar da citta ta ruɓe a ƙasa,
Baba ya tona kunya guda da yatsa,
ya sansana, ya mayar, ya rufe,
kamar mai binne jinjirin da bai kai suna ba.
Bai ce uffan ba sai bayan isha'i:
"Tabawa, bana kurmi ne rumbunmu."

Mu bakwai ne a gidan, ban da akuya.
Zuwa kasuwar Kaciya awa guda ce a babur,
amma daga ƙofarmu zuwa bakin kurmi
tuwo ba ya hucewa.

Ɗinya ce ta fara karɓar mu.
Muka tsinto ta baƙa ƙirin a ƙwarya,
Inna ta dafa maɗi,
na kai tasha da tire, haƙorana na tona mini asiri.
Da kaka ta zo hannu rabbana
Baba ya shiga fadama, ya fito da tukurwa a kafaɗa,
ya ƙera gadaje uku, kujera ɗaya mai ɗingishi.
Gadajen suka zama masara.
Kujerar, ita muke ba baƙo har yau.

Bazara ta kawo ɗorawa.
Mun sha garin har leɓɓanmu suka yi rawaya,
kalwa ta kwana uku a rufe cikin ganye,
warinta ya kori maƙwabta, ya kira masu saye.
Kawu Shekarau ya hau marke da tsakar dare
da wutar kara, ba riga, yana yi wa ƙudan zuma magana
kamar mai bikon mata.
Ya sauko da ido ɗaya a kumbure
da galan biyu, kuɗin makarantar Cindo.

Ban taɓa jin kurmi ya ce a rubuta ba.
Mai shago kuwa har gishiri yana da shafi.

Sai Auta ya kwanta.
Inna ta sassaƙo ɓawon maɗacin kan iyakarmu,
wanda kakan Baba ya tarar a tsaye,
ta jiƙa, ta ɗura masa. Jiki ya ƙi sanyi.
A asibiti aka ce jini, leda biyu, kuɗi a hannu.
Ran nan mai injin katako yana gari,
dama ya daɗe yana zagaya itacen
kamar mahauci a bayan sa.

Ba zan ce Baba ya yi laifi ba.
Ga Auta can yana bin taya a tsakar gida.
Amma na ji faɗuwar daga bakin rijiya,
ƙasa ta motsa a tafin ƙafata,
tsuntsaye suka tashi, suka yi ta kewaya
wurin da babu komai sai sama.
Baba ya ƙirga kuɗin yana juya wa kututturen baya.

Ba mu kaɗai ba ne.
Kowane gida da Autansa.
Kowace Laraba mota na fita da buhunan gawayi,
kowace Laraba kurmi na ja da baya taku ɗaya.
Yanzu kafin Inna ta kai gindin kaɗanya
tuwo ya huce, ya yi ɓawo.
Rafin da ke kai mini ƙugu
bana iyakarsa idon sawu.

Na tara ledojin ruwa tara a bayan ɗaki,
na cika su da ƙasar turke,
na tura ƙwayar ɗorawa a kowace.
Akuya ta ci huɗu.
Baba ya gani, ya ce, "Lantana,
kafin wannan ta yi 'ya'ya kin yi jika."

Na ce to.

Da safe na tarar an kewaye biyar ɗin da ƙaya,
ga sawun takalminsa na taya
a jiƙaƙƙiyar ƙasa.